Tsohon Babur, Giranda, da Gyaran Gangar Auzinawa

A kasuwannin tsofaffin babura na Ingila da Jamus da Amurka akwai wani irin talla da ba ya yankewa. Hoton babur ne a tsaye cikin gareji, babu sirdi, babu madigadi, an datse wutsiyar firam ɗinsa da giranda, wayoyin wuta sun zubo ta gefe kamar kayan cikin rago ranar layya. Daga ƙasa ga kwali biyu maƙil da notuna da robobi. Mai shi yakan rubuta cewa aiki ne da aka faro, saura ƙiris a gama, rashin lokaci ne kawai ya sa zai rabu da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san wannan ƙiris ɗin shi ne aikin gaba ɗaya, domin yanka ƙarfe ba ya cin minti goma, mayar da babur kan titi lafiya kuwa yana iya cin shekara.

Abin da mai garejin ya so ya ƙera shi ne abin da Turawa ke kira café racer, wato babur ɗin tseren gidan shayi: siriri, mara nauyi, mai dogon tanki, da sirdin mutum ɗaya mai ɗan tozo a baya, da kan babur da aka sauke ƙasa har sai mahayi ya kwanta a kan tanki. Sha'awa ce mai kyau, kuma yin aikin a gida da hannun mutum ya fi ta kyau. Sai dai yawancin masu yinsa a yau suna farawa ne daga inda ya kamata su ƙare. Suna kwaikwayon surar babur ɗin, su bar dalilin da ya haifi surar, sakamakon haka su samar da abin hawan da ya fi na asali kyan gani, ya kuma fi shi rauni a gudu, a birki, da a kwana. Wanda zai biya kuɗin wannan musayar shi ne jikin mahayi.

Samarin Ace Cafe ba ado suka nema ba

An buɗe Ace Cafe a 1938 a bakin titin North Circular, arewa maso yammacin Landan, domin direbobin manyan motoci su samu wurin shan shayi dare da rana. Bom ya rusa shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake gina shi a 1949. A shekarun 1950 samarin ma'aikata, waɗanda suka fara samun albashi kuma suke iya sayen babur a biya kaɗan-kaɗan, suka mayar da wurin majalisarsu. Burin kowane ɗayansu shi ne ya kai gudun mil 100 cikin sa'a, kimanin kilomita 160, abin da suke kira ton. A lokacin babu dokar ƙayyade gudu a manyan hanyoyin wajen gari. Sai a Disambar 1965 aka kafa iyakar mil 70. Ana ba da labarin cewa saurayi kan jefa kwabo a akwatin kiɗa, ya hau babur ya zagayo wani shataletale ya dawo kafin faifan ya ƙare, ko da yake wasu daga cikin waɗanda suka yi zamanin sun ce an ƙara wa labarin gishiri. Abin da babu ƙari a cikinsa shi ne samari da yawa sun mutu a kan wannan titi, a zamanin da hular kwano ba ta zama dole ba, domin sai a 1973 doka ta wajabta ta a Birtaniya.

Kowane sauyi da suka yi wa baburansu yana da hujja. An sauke kan babur ne don mahayi ya kauce wa iska. An mayar da matakan ƙafa baya ne don jiki ya daidaita da wannan kwanciyar. Tozon sirdi yana tare mutum kada ya zame baya idan ya murɗa totur. An cire duk wani abu mai nauyi saboda injin da ke hannu ba shi da ƙarfin da za a yi almubazzaranci da shi. Suna kwaikwayon baburan da suke gani a tseren tsibirin Isle of Man ne, kuma suna auna nasarar kwaikwayon da agogo.

Babur ɗin da ya zama sarki a cikinsu, Triton, shi ne babbar shaidar wannan. Kamfanin Norton yana da firam ɗin da babu kamarsa wajen riƙe hanya, wanda Rex McCandless na Belfast ya tsara, aka fara tsere da shi a 1950, aka kuma yi masa laƙabi da Featherbed, wato katifar gashin tsuntsu. Kamfanin Triumph kuma yana da inji mai silinda biyu, cc 650, mai sauƙin ƙara wa ƙarfi da arhar kayan gyara. Sai samarin suka ɗaura musu aure: injin Triumph a cikin firam ɗin Norton. Wani abin da ya taimaka shi ne masu tseren ƙananan motoci na lokacin kan sayi babur ɗin tsere na Norton sukutum don su cire injinsa kawai, su bar firam yana neman mai so. Dave Degens ya ci tseren sa'a 24 na Basalona da Triton a 1965, ya maimaita a 1970. Abin lura a nan shi ne wahalar da suka sha duka a kan neman firam mai ƙarfi ce. Mai garejin yau kuwa, firam ne abu na farko da yake kai wa giranda.

Tsutsar roba

Babu babur ɗin da ya fi nuna wannan juyin kamar Honda CX500, wanda ya fito a 1978. Inji ne mai silinda biyu da suka buɗe kamar harafin V, cc 497, mai lagireto da ruwa, mai ƙarfin doki kusan 50, kuma maimakon sarƙa, farfela ce ke juya tayar baya. Nauyinsa ya haura kilo 200, dogo ne, mai ƙaton sirdi. Turawan Ingila sun raina surarsa har suka yi masa laƙabi da tsutsar roba, Jamusawa kuma suka kira shi famfon taki. Amma 'yan aiken Landan, masu kai takardu da ƙunshi daga ofis zuwa ofis, sun rungume shi kamar yadda 'yan acaɓa suka rungumi Boxer, kuma bisa dalili guda: ba ya gajiya. Bayan shekaru da dama, arharsa da kyan injinsa idan aka tuɓe masa robobi suka sa ya zama ɗaya daga cikin baburan da aka fi yankawa a garejin gida.

Duk masanin CX500 ya san yana da cututtuka uku na tsufa: kwayil ɗin da ke cajin batir, da robar da ke hana ruwan lagireto shiga cikin baƙin mai, da sarƙar da ke juya sandar bawul tare da abin da ke ɗaure ta. Dukkansu suna ɓoye ne a bayan murfin inji na baya, ba a isa gare su sai an sauke injin daga firam. Aiki ne mai ƙazanta, mai cin kwanaki, wanda idan an gama shi babur ɗin ba ya sauya kama ko kaɗan. Saboda haka mutane da yawa ke tsallake shi, su tafi kai tsaye ga sabon fenti da sirdin fata mai ɗinkin hannu. Kitso ne da kwarkwata. Ranar da kwayil ɗin ya mutu, sai a sake kwance duk abin da aka yi wata shida ana ƙawatawa.

Daga nan sai kafireto, inda aka fi yin asara ba tare da an sani ba. Surar da ake yayi a yanzu tana so a ga sarari fayau a ƙarƙashin sirdi, mutum ya hango bango ta cikin babur. Don a samu wannan, sai a cire akwatin matatar iska, a maƙala wa kowane kafireto ƙaramar matata mai kama da kofi. To amma kafireton CX500, kamar na babura da yawa na ƙarshen shekarun 1970, ba wayar totur ce ke ɗaga maƙogwaronsa kai tsaye ba. Bambancin matsin iska ne ke ɗaga wani ɗan fistin a cikinsa, kuma an lissafa nauyin wannan fistin da girman ƙofofin fetur bisa zaton cewa iska za ta zo a nutse daga cikin akwati. Da zarar an cire akwatin, iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, kuma iskar na zuwa a hargitse. Babur zai riƙa shaƙewa a tsakiyar gudu, daidai lokacin da mahayi ke son wuce mota. Iskar gefe na sauya masa hali, ruwan sama na shiga masa kai tsaye. Inji mai ƙarancin fetur yana zafi fiye da kima, bakin fulogi ya yi fari maimakon ruwan ƙasa, idan aka daɗe a haka bawul ya ƙone ko fistin ya huje. Ana iya rage matsalar ta hanyar sauya ƙananan ƙofofin fetur da bakanikai ke kira jet, a yi ta gwaji ana duba fulogi, amma sau da yawa iyakar abin da za a cimma bayan makonni shi ne kusantar yadda Honda ta miƙa babur ɗin tun farko.

Abin dariya a nan, wannan sararin da ake ɓata inji dominsa ba ya cikin tarihin da ake kwaikwayo. A Triton, tankin baƙin mai ne ke zaune a wannan wuri. Kafireton Amal da samarin Ace ke amfani da shi kuwa waya ce ke jan maƙogwaronsa, don haka yana jure buɗaɗɗen baki, su kuma sun yarda su riƙa kwance inji a kai a kai.

Gaban babur ma yana da lissafinsa. Idan aka ja layi daga wuyan babur zuwa ƙasa, zai sauka a gaban wurin da taya ke taɓa kwalta da kimanin santimita 10. Wannan 'yar tazarar ce ke sa tayar gaba ta miƙe da kanta, kamar yadda tayar kujerar ofis ke bin bayan inda aka tura ta. Mai son babur ɗinsa ya yi ƙasa kamar damisa mai shirin tsalle yakan sassauta notuna ya zame shokozoban gaba sama, gaban ya sunkuya. Da haka tazarar ta ragu. A ƙaramin gudu zai ji babur ya yi saurin juyawa, ya ɗauka ci gaba ne. A babban gudu, idan taya ta daki wani tudu, kan babur na iya fara kaɗawa hagu da dama da ƙarfin da hannu ba ya iya riƙewa. Haka nan madigadin gaba, wanda ake cirewa saboda ya yi kama da na babur ɗin dattijo: a babura da yawa na wancan zamani ƙarfensa ne ke ɗaure ƙafafun shokozoba biyu wuri ɗaya, kada su murɗe lokacin taka birki. Cire shi ba tare da sanya wani maɗauri a madadinsa ba, neman gira ne a rasa ido.

A baya kuma nan ne aikin da ba ya komawa yake. Shokozoba biyu na CX500 suna maƙale ne a ɓangaren firam ɗin da ake son gajartawa. Wasu sukan yanke shi gaba ɗaya su sanya shokozoba guda a tsakiya, abin da ke tattara nauyin babur da mahayi da kowane rami a kan wani wuri da injiniyoyi ba su tsara shi don haka ba. Ana iya yin wannan daidai, kuma akwai ƙwararrun da ke yi. Amma walda a kan siririn bututun ƙarfe mai shekara fiye da 40 ba irin waldar ƙofa ko taga ba ce, kuma ba nan ne wurin koyo ba. Ko gajarta wutsiya kawai za a yi, akwai awo guda da ba a tsallakewa: a danne bayan babur har shokozoba ya kai ƙarshensa, a ga ko taya za ta taɓa ƙasan sabon sirdi. Wanda bai auna a gareji ba, rami zai auna masa a titi, kuma tayar baya da ta ƙulle ana cikin gudu ba ta ba da sanarwa.

Saura ƙananan abubuwa ne, amma suna taruwa. Sauke kan babur ba tare da mayar da matakan ƙafa baya ba yana naɗe mutum gida biyu, gwiwa a ƙirji, nauyi duka a wuyan hannu. Tayoyi masu zanen zamanin da, masu kauri da ban sha'awa a hoto, ba sa riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta kamar na zamani. Ƙyallen da ake naɗe salansa da shi yana riƙe danshi ya jawo tsatsa. Ƙaramin batir ɗin litiyam da ake ɓoyewa cikin tozon sirdi ba ya jituwa da tsohuwar na'urar daidaita caji, sai an sauya ta. Fitilar baya mai girman ɗan yatsa tana da kyau matuƙa, ga wanda ke tsaye kusa da ita.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu wannan sana'a suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Babur na mai shi ne. Honda ta ƙera irin waɗannan da yawan gaske, kuma da dama daga cikinsu da sun ruɓe a bayan gida ko sun tafi wurin 'yan gwangwan in ba don wannan yayin ba. Yayin ne ya sa kayan gyaran tsofaffin injuna suka dawo kasuwa. Ya kuma kai sifana hannun mutanen da aikinsu na yini duka a gaban kwamfuta yake, lauyoyi da akantoci da malaman makaranta, waɗanda ba su taɓa gyara wani abu da ya tashi ya yi ƙara ba. Wannan riba ce ta gaske, kuma ita ce kaɗai ribar da ke cikin harkar, domin babur ɗin da aka mayar na gidan shayi ba kasafai yake dawo da kuɗin da aka kashe masa ba idan aka zo sayarwa. Wanda sura kawai yake so, kamfanoni sun daɗe da hutar da shi: Triumph ta fito da Thruxton a 2004, Royal Enfield tana sayar da Continental GT, dukkansu da birki na zamani da garanti.

To idan ilimi ne ribar, sai a bi tsarin da ke ba da ilimin. A tayar da babur ɗin yadda aka saye shi, a hau shi na wasu makonni, a san halinsa kafin a taɓa komai, domin wanda bai san yadda yake tafiya a da ba, ba zai gane ko ya gyara ko ya ɓata ba. A auna matsin silinda. A duba lambobi huɗu da ke gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2314 na nufin mako na 23 na 2014, kuma taya mai shekara goma ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba. A sauya man birki, wanda ke tsotsar danshi daga iska har ya rage ƙarfi, tare da tsofaffin tiyoyin roba. A sauya boris ɗin wuya da na tayoyi, da man shokozoban gaba. A bi wayarin ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ɗaukar hotonsa, amma su ne abin da samarin Ace za su gane a matsayin aikinsu. Bayan haka sai rage nauyi na halal, wanda sifana kaɗai ke yi: babban jak na tsakiya, matakan fasinja, ƙaton sirdi, salansa mai nauyi. A zuba su a kwali a ajiye, kada a zubar. Giranda ta zo a ƙarshe, idan har an ga tana da sauran aiki.

Akwai kuma tambayar wane babur ya cancanci yanka. Wanda ya riga ya faɗi, tankinsa ya loɓe, robobinsa suka ɓace, babu abin da za a rasa a kansa. Wanda kuwa ya yi shekara 45 da fentinsa na asali da kowane noti a wurinsa, shi kaɗai ya rage cikin ɗaruruwan 'yan uwansa. Honda CB750 na 1969, mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba, shi ne babur ɗin da ya karya lagon masana'antar baburan Ingila, a shekarar da Ace Cafe ya rufe ƙofarsa. Shekaru da dama ana yanka shi a gareji ana ganin ba zai ƙare ba. Kusan 7,000 na farko, waɗanda aka zuba murfin injinsu ta wata hanya dabam, yanzu masu tara kayan tarihi ne ke farautarsu, kuma a 2018 an yi gwanjon wani samfurin gwaji na babur ɗin a Ingila a kan sama da fam dubu 150. CX500 ba zai kai nan ba, amma cikakkensa ma ya fara wuyar samu.

Doka ita ma tana da ta cewa. A Jamus, sauyi a jikin firam ba tare da amincewar masu duba lafiyar ababen hawa irin su TÜV ba yana soke izinin hawa titi. A Birtaniya, abin hawan da ya haura shekara 40 ana yafe masa gwajin MOT na shekara-shekara muddin ba a yi masa babban sauyi ba, kuma sauyin da aka ɓoye wa kamfanin inshora na iya zama hujjar ƙin biya ranar hatsari.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi da wannan sha'awa ta kama, da wuya CX500 ne zai faɗo hannunsa. Abin da ke jingine a zauren gidan su shi ne tsohon Honda CG125, ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa na Sin da suka cika kasuwa, kuma a Pakistan da Burazil irin wannan babur ɗin ne matasa ke mayarwa na gidan shayi. Zaɓi ne mai kyau ga mai koyo: silinda ɗaya, kafireto ɗaya mai sauƙi, kayan gyara a kowace kasuwa, mutum biyu na iya ɗaga shi su ɗora a kan benci. Ba zai ga kilomita 160 ba har abada, kuma da birkin da yake da shi gara haka. Sai dai tarihinsa yana da abin da zai gaya wa mai giranda. Kafin Honda ta fito da shi a 1975, ta tura injiniyoyinta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar ana ɗora masa iyali da kaya, ba a juye baƙin mai sai ya zama kwalta, matatar iska kuma takan toshe da ƙura har inji ya shaƙe. Suka koma suka tsara inji mai jure sakaci, da matatar soso da ake wankewa a mayar, a killace cikin akwati a ƙarƙashin sirdi. Wannan akwatin ne hotunan Landan da Balin ke cewa a cire. A can titunan sukan jiƙe da ruwan sama a kai a kai. A ƙasar Hausa kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan gilashin mota cikin dare ɗaya ita ce za ta bi ta buɗaɗɗen bakin kafireto ta isa ga ringi da bangon silinda.